Land Cruiser ta fito daga canjin kuloci, wutarta ta rikice: daga ina za a fara bincike?

Alhaji Lawal, Funtuwa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana wayarin mota da ke cikin wannan zaure. Ina da Land Cruiser ƙirar 80, ta shekarar 1994, mai injin dizal 1HZ da giyar hannu, wadda nake shiga gona da ita da damina saboda hanyarmu laka ce. Makonni biyu da suka wuce kulocinta ya ƙare, na kai ta gareji, aka sauke giyabos, aka sa sabon faranti, aka mayar. Kuloci kam ya yi kyau, ba ni da ƙorafi a kansa. Sai dai tun ranar da na karɓo ta abubuwa uku suka ɓullo waɗanda ban san ta da su ba. Na farko, kik yana juya injin da ƙyar, musamman da asuba, kamar batir ya mutu. Na biyu, idan na kunna manyan fitilu da dare, allurar zafi takan ɗaga sama nan take, in na kashe su ta sauko, alhali ruwan lagireto cike yake. Na uku, fis ɗin da aka rubuta wa GAUGE ya ƙone sau huɗu, kuma duk lokacin da ya ƙone allurorin dashbod sukan kwanta gaba ɗaya. Na riga na sayi sabon batir, babu abin da ya sauya. Yanzu bakaniken yana cewa in sayi altaneta, wato na’urar da ke cajin batir.

Nura, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina bakaniken yana da gaskiya, domin motar da ta haura shekara talatin ba abin mamaki ba ne altanetarta ta gaji. Gwajin mai sauƙi ne: ka tayar da injin, ka cire kan batir yana aiki, idan ya mutu to altaneta ce. Shi kuwa fis, tunda na amfiya 10 yana ƙonewa, ka sa na 30 ka huta.

Malam Habu mai wayarin, Kano:
Nura, ɗana, ka yi haƙuri da ni, amma shawarwarin nan naka biyu kowace ɗaya tana iya jawo asarar da ta fi wadda ake ciki. Cire kan batir injin na aiki tsohuwar al'ada ce tun zamanin dainamo, kuma a motar da ke da altaneta wutar takan yi tsalle farat ɗaya ta ƙona regileta ko rediyo, wato ka je gwada lafiyayye ka dawo da majinyaci. Fis kuma ba don ya kare allura ko fitila aka sa shi ba, don ya kare waya ne. Wayar da kamfani ya ɗora wa fis na amfiya 10 siririya ce. Idan ka ba ta na 30, fis zai zauna lafiya, ita kuma wayar ta yi ja, ta narkar da robarta tare da robar maƙwabtanta a cikin damin wayoyi da ke bayan dashbod. Na sha kwance irin wannan damin da ya zama dunƙule ɗaya, aikin kwana uku ne.

Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. Motar da ta shiga gareji da wuta lafiya ta fito da cuta uku a rana ɗaya, ba batir da altaneta da kik ne suka haɗa baki suka lalace tare ba. Inda hannu ya taɓa nan za a fara dubawa. Wanda zai sauke giyabos dole ya cire kik, ya zare wayoyin da ke kan giya, wato na makunnin ribas da na alamar agzilari, sannan injin yakan kwanta baya kaɗan idan aka cire abin da ke tallafe da giyar. Zargina na farko yana kan wayar at mai kauri, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir, wadda ta taso daga kan batir mai alamar ragi ta ɗaure a jikin injin. Ka gaya mini: a ina take ɗaure a motarka?

Alhaji Lawal, Funtuwa:
Allah ya saka da alheri, Malam Habu. Na leƙa da tocila. Wayar tana ɗaure ne a ɗaya daga cikin kusoshin da suka haɗa giyabos da injin, kusa da kik, kuma da alama wanda ya mallaki motar kafin ni ne ya mayar da ita can, domin bakinta ba na kamfani ba ne. Amma tana nan a wurinta. Ɗana ma ya auna da mita tsakanin kan batir da jikin injin, mitar ta yi ƙara, wato akwai haɗi. Shi ya sa na cire at daga lissafi.

Injiniya Rabi, Zariya:
Ranka ya daɗe, Alhaji, a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, kuma ba laifinsu ba ne, domin mitar ba ƙarya ta yi ba, tambayar da aka yi mata ce ba ta dace ba. Idan aka sa mita a wajen da take ƙara, wuta ’yar mitsitsiya take turawa cikin wayar. Ko da duk silin jan ƙarfen sun tsinke saura ɗaya tak, za ta yi ƙara. Shi kuwa kik na injin dizal mai silinda shida da lita 4.2 yana zuƙar ɗaruruwan amfiya a lokacin da yake juya injin. A ɗauka yana jan amfiya 250, kuma mahaɗin wayar yana da tirjiya ta om 0.01 kacal: a ninka biyun, za a ga volt 2.5 sun salwanta a mahaɗin nan kaɗai, daga cikin abin da bai kai volt 11 ba da batir ke bayarwa a wannan lokaci. Mitar hannu ba za ta iya nuna om 0.01 ba, saboda wayoyinta ma kansu sun fi haka tirjiya.

Don haka ba a auna at mota na kashe. Ana auna ta ne tana ɗauke da kaya. Ga yadda za a yi. A zare ’yar wayar da ke zuwa ga makunnin mai na kan famfon injin, wanda shi ne ke yanke dizal idan an kashe mabuɗi, domin kada injin ya tashi. A sa mita a wajen auna volt. A ɗora baƙin tsinke a kan sandar batir ita kanta mai alamar ragi, ba a kan maƙallin da ya rungume ta ba, a ɗora jan tsinke a wani wuri mai tsabta a jikin injin. Wani ya murɗa mabuɗi na kamar daƙiƙa biyar. Idan at tana da lafiya, abin da mita za ta nuna bai kamata ya wuce volt 0.2 zuwa 0.3 ba. Sai a maimaita a ɓangaren mai alamar tarawa, daga sandar batir zuwa babban notin kik, inda ake son kada ya wuce rabin volt. Daga nan a mayar da wayar famfo, a tayar da injin, a kunna fitilu da fanka, a sake auna at ɗin.

Musa, Agadas:
Ina gaishe da dattawan zaure. Mu a nan «mas» muke kiran wannan waya, kuma irin waɗannan motoci masu injin 1HZ su ne abin hawanmu, don haka cutar ba baƙuwa ba ce a gare mu. Ga wanda ba shi da mita a kusa, kamar wanda abin ya same shi a daji, akwai gwajin da ba ya buƙatar komai sai kebul ɗin da ake jona batir da batir. A maƙala bakin kebul ɗin guda a kan batir mai alamar ragi, ɗaya bakin a wani ƙarfe na injin da babu fenti, irin ƙugiyar da ake ɗaga injin da ita. Idan kik ya sami ƙarfi nan take, kuma allurar zafi ta daina bin fitila, magana ta ƙare. Ina kuma roƙon Alhaji ya taɓa wayar totur bayan an juya injin. Wutar da ta rasa hanyarta takan bi duk ƙarfen da ya haɗa injin da bodi, kuma na taɓa ganin wayar totur da ta gasu har ta maƙale a cikin kwasfarta, direba ya ɗaga ƙafa mota ta ƙi rage gudu.

Sale bakanike, Gusau:
Ni bakanike ne, kuma ina ganin ana neman a ɗora wa ɗan’uwana laifi tun kafin a auna komai. Tsohuwar mota wayoyinta sun bushe, robarsu ta yi tauri saboda zafin injin da na rana, ko numfashi ka yi a kusa da su sai su tsage. Sau nawa ake kawo mana mota da wayarin da aka yi wa faci goma da salatef, mu yi aikinmu na ƙarfe, sannan duk abin da ya biyo baya a ce mu ne? Ni da za a bi tawa, a kwance wayarin gaba ɗaya a yi sabo, kowa ya huta.

Malam Habu mai wayarin, Kano:
Malam Sale, babu wanda ya ambaci laifi, wurin da za a fara dubawa ake magana. Gaskiyarka ce cewa robar tsofaffin wayoyi tana tsagewa, kuma wannan ma yana ƙarfafa abin da na faɗa, domin wayar da aka motsa ita ce za ta tsage, ba wadda take kwance a mazauninta ba. Amma batun sabon wayarin ban yarda da shi ba, kodayake ni ne zan ci kuɗin aikin. Wayarin kamfanin Toyota yana da tsari: kowace waya da launinta, fara mai baƙin layi at ce a ko’ina cikin motar, kuma akwai zanen da ke nuna inda kowace ta taso da inda ta nufa. Wanda za a yi maka a bakin titi yawanci da waya kala biyu ko uku za a yi shi, kuma ranar da ya sami matsala babu mai iya karanta shi sai wanda ya yi shi, in ma ya tuna. Ba a rushe gida saboda indararo ya toshe.

Alhaji Lawal, Funtuwa:
Na dawo da sakamako. Batir a zaune ya nuna volt 12.6. Lokacin juya injin, tsakanin sandar ragi da jikin injin mita ta nuna volt 2.4, ɓangaren tarawa kuma 0.3. Wayar totur ta yi ɗumi sosai, kamar yadda Malam Musa ya faɗa. Da muka sa kebul ɗin jona batir, kik ya juya da ƙarfin da na manta yana da shi. Da injin na aiki da fitilu a kunne, ba tare da kebul ɗin ba, a bayan altaneta an sami volt 14.2, a kan batir kuma 13.6. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a wannan karon awon at ya nuna 0.4 amma da alamar ragi a gabansa, alhali ba mu juya tsinkayen mitar ba.

Injiniya Rabi, Zariya:
Alamar ragin nan ita ce ta bayyana matsalarka ta biyu, wato ta allurar zafi, ranka ya daɗe. Lokacin juya injin, batir ne ke bayar da wuta, tana shiga kik, tana fita ta jikin injin ta koma batir. Idan injin ya tashi kuwa altaneta ce ke bayarwa, kuma gangar jikinta a ɗaure take da injin, saboda haka wutar fitilu takan sauka a bodi sannan ta nemi hanyar komawa injin. Hanya ɗaya ce, alƙibla ce ta juya, shi ya sa alamar ta juya. Ka kuma lura cewa alƙaluman sun gaskata juna: tirjiyar da ta cinye volt 2.4 a ƙarƙashin nauyin kik, ita ce za ta cinye kusan 0.4 a ƙarƙashin amfiya 40 na fitilu da fanka da cajin batir.

Shi ma’aunin zafi da ke ɗaure a jikin injin, tirjiyarsa raguwa take yi idan ruwa ya yi zafi, wuta ta ƙara bi ta cikinsa, allura ta ɗaga. At ɗinsa jikin injin ne, ita kuwa allurar at ɗinta bodi ne. Da zarar an kunna fitilu, injin ya yi ƙasa da bodi da volt 0.4, sai ƙarin wuta ya bi ta ma’aunin, allura ta ɗauka zafi ne. Altanetarka kuma lafiyarta ƙalau, 14.2 take bayarwa, a hanya ake tare wa batir rabonsa. Da ka sayi sabuwa, da ita ma haka za ta yi.

Nura, Kaduna:
Na karɓi gyara, Baba Habu, kuma na gode. Amma ina da tambaya: shin rashin at ɗin ne ke ƙona fis ɗin shi ma?

Malam Habu mai wayarin, Kano:
Tambaya mai kyau, kuma amsar ita ce a’a. Rashin at rage wuta yake yi, shi kuwa fis yawan wuta ke ƙona shi, don haka cuta biyu ce daban, ko da a rana ɗaya aka kamu da su. Alhaji, ka fara gyara at: ka kwance kusar, ka goge bakin wayar da mazauninta da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure da sifana sosai, sannan ka shafa giris a sama saboda tsatsa. Ka duba ƙaramar wayar nan mai kama da kitso da ke haɗa bayan injin da bodi, domin takan tsinke idan injin ya kwanta baya.

Game da fis, ka tuna mini daidai lokacin da yake ƙonewa. A motocin Toyota da yawa na wancan zamani fitilun ribas daga fis ɗin GAUGE suke shan wuta, kuma makunninsu a jikin giyabos yake da waya biyu, ɗaya mai kawowa, ɗaya mai kaiwa baya. Idan yana ƙonewa da zarar an murɗa mabuɗi, matsalar tana gaban makunni. Idan sai an sa ribas, tana bayansa.

Alhaji Lawal, Funtuwa:
Na gyara at. Ashe kusar da hannu kawai aka murɗa ta, kuma akwai busasshen mai tsakanin bakin wayar da ƙarfe. Ƙaramar mai kitson ma rabinta ya tsinke, na sauya ta. Yanzu awon lokacin juya injin 0.2 ne, allurar zafi ta zauna wuri ɗaya. Fis kuwa, da na yi tunani, duk sau huɗun ina cikin ribas ne, amma ba kowane ribas ba. A cikin gida ina sa ribas lafiya. Sai idan zan fita da baya daga rumbu, inda akwai ’yar hawa, ko kuma lokacin da na ja tirelar taki da baya, sannan yake ƙonewa. Jiya na sa ribas mota na tsaye har sau goma, bai ƙone ba.

Musa, Agadas:
To ai motar ta riga ta faɗi inda ciwon yake. Injin da giya a kan robobi suke zaune, kuma idan aka ɗora musu nauyi sukan murɗa gefe. Giyar agzilari, wadda ke maƙale a bayan giyabos, takan karkata wani gefe idan ana tafiya gaba, ta karkata ɗaya gefen idan ana ja da baya. Wayar da ke lilo kusa da ƙarfe ba za ta taɓa shi ba sai an yi wannan karkatar, kuma ba ta da wuta a cikinta sai ana ribas. Sai abubuwan biyu sun haɗu fis ke tafiya. A duba saman giyabos, inda kamfani ya sa ’yan maƙallai da ke riƙe wayoyin.

Malam Habu mai wayarin, Kano:
Haka ne, Malam Musa. Kuma don kada Alhaji ya ƙarar da fis a wajen gwaji, ga dabarar da muke yi a wajen aiki. Ka samo ƙwan fitila na wat 21, irin na sigina, ka haɗa masa waya biyu, ka soka su a ramukan fis ɗin bayan ka cire fis. Ka zare ƙwayayen fitilun ribas na baya guda biyu, domin kada su ruɗe ka. Ka ja birkin hannu, ka sa wa tayoyi waigi, ka murɗa mabuɗi ba tare da ka tayar da injin ba, ka sa ribas. Ƙwan zai ɗan yi ja kaɗan saboda allurorin dashbod na shan wuta ta cikinsa. Sai ka shiga ƙarƙashi kana motsa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ɗanka yana kallon ƙwan. Inda ka taɓa ya haska fes, nan ne waya ke taɓa ƙarfe. Ƙwan ba zai bar wutar da ta kai amfiya biyu ta wuce ba, don haka babu abin da zai ƙone komai daɗewar binciken.

Sale bakanike, Gusau:
Kusar da aka murɗa da hannu kam ba ni da abin da zan kare a kanta. Yawanci yaran gareji ake bar wa ɗaurin ƙarshe, kuma wajibin maigida ne ya bi bayansu da sifana. Sai dai ina shawartar Alhaji ya mayar da wayar at ɗin jikin injin, a kusar da ba ta da wani aiki sai wannan, domin muddin tana kan kusar giyabos, duk wanda ya sake sauke giya sai ya taɓa ta.

Alhaji Lawal, Funtuwa:
An gano ta. Maƙallin da ke saman giyabos ba a mayar da shi ba, yana nan a rataye jikin wayoyin, sai damin ya sauko ya jingina da gefen wani ƙarfe mai kaifi da ke ƙarƙashin bodi. Ɗaya daga cikin wayoyin makunnin ribas ta goge, wurin bai fi ƙwayar shinkafa ba, kuma ta gefen da ido ba ya gani, da ba don ƙwan Malam Habu ba da ban same shi ba. Na kai wa mai wayarin a nan garin, ya yanke wurin, ya haɗa da dalma, ya rufe da robar da ke tsukewa da zafi, ya mayar da maƙallin. Ya kuma mayar da at jikin injin kamar yadda Malam Sale ya ce. Na sa fis na amfiya 10, na fita da baya daga rumbu da tirela sau uku, yana nan. A kan batir yanzu volt 14.0 nake samu da fitilu a kunne. Na koma wurin bakaniken na nuna masa, ya karɓi kuskurensa, mun rabu lafiya.

Injiniya Rabi, Zariya:
Madalla. Saura abu ɗaya, ranka ya daɗe: wayar totur ta yi mako biyu tana ɗaukar wutar da ba tata ba. A cire ta daga kan famfo a ja ta da hannu, idan ana jin tana kartar wani abu a ciki ko ba ta komawa da kanta da sauri, a sauya ta kafin a shiga hanya. A duba wayar birkin hannu da ta ma’aunin gudu su ma, in motar mai irin wannan wayar ce. Tsohon batir ɗin kuma kada a yar da shi, a caje shi a gwada, mai yiwuwa lafiyarsa lau.

Alhaji Lawal, Funtuwa:
Na ja wayar totur ɗin yanzu, tana ɗan cijewa a tsakiya, gobe in Allah ya yarda zan nemo wata. Tsohon batir yana shagon da na sayi sabon, na ba da shi a matsayin ciko, zan aika yaro ya tambaya ko ba su riga sun sayar ba.